Yabon ma'aikaci a wurin aiki

Yabon ma'aikaci, ko karrama ma'aikaci, shi ne mai gida ko shugaban wurin aiki ya nuna ma wanda ke ƙarƙashinshi cewa an ga ƙoƙarin da ya yi kuma an san nashi ne. Ana yin shi da baki, ana yin shi da takarda, ana yin shi da kuɗɗi ko kyauta ko ƙarin matsayi. Ba albashi ba ne, albashi hakki ne ko an so ko ba a so ba sai an biya, shi ko yabo ƙari ne bisa hakkin, don mutum ya ji ƙarfin gwiwa ya dawo gobe da zuciya ɗaya.

A ƙasar Maraɗi

Abin ba baƙo ba ne nan, tun kafin a san aikin biro, wato ofis, da albashin wata. Wanda ya taɓa ganin gayya ya san aikin mai ganga, yana bin bayan manoma yana kiran sunan wanda ya wuce sa'o'inshi yana yi mishi kirari har da sunan kakanni, sai ka ga saurayin da ya gaji ya sake duƙawa kamar yanzu ya zo gonar. A da kuma akwai bikin dubu a yankin Maraɗi, wanda ya noma dami dubu na hatsi sai ya tara jama'a ya yi rabo a naɗa shi sarkin noma. Ba a biyanshi ko dala, shi ma ke kashewa, sunan kawai yake nema.

A kasuwa kuma tsarin uban gida da bara ne, wanda alhazan Maraɗi suka gina dukiyarsu a kanshi. Yaro zai fara da share shago da ɗaukar kaya, in an ga amana sai a bar mishi makulli, daga nan a fara aikenshi Katsina ko Kano da kuɗɗi a hannu, wannan aiken shi kanshi yabo ne ko da Alhaji bai ce uffan ba, don duk layin sun san mi ake nufi. Sai kayan salla, sai a yi mishi aure, wani a biya mishi Makka, ƙarshe a sallame shi da jari ya buɗe nashi. Matsalar tsarin ita ce babu abin da aka rubuta, komi yana ga halin mai gida, akwai yaran da suka yi shekaru suna jiran sallamar da ba ta zo ba.

Malamai kan kawo hadisai biyu a wanga zance: wanda bai gode ma mutane ba bai gode ma Allah ba, da kuma wanda ya ce a ba ɗan ƙwadago ladarshi kafin guminshi ya bushe.

Abin da masu bincike suka gano

Tsakanin 1924 da 1932 an yi gwaje-gwaje a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Shikago a Amurka. An ƙara hasken fitila aiki ya ƙaru, an rage hasken aikin bai faɗi ba, sai wani malamin jami'a mai suna Elton Mayo da abokan aikinshi suka fassara abin da cewa kulawar da aka ba ma'aikatan ce ta motsa su. Daga baya wasu masana sun sake duba alƙaluman sun ce an zuzuta labarin, amma dai daga nan ne maganar kula da zuciyar ma'aikaci ta shiga littattafan koyar da shugabanci.

Wanda ya fi kusa da batun shi ne Frederick Herzberg, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka. A 1959 ya fitar da sakamakon hirar da aka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh, ya raba abubuwa gida biyu. Albashi, yanayin wurin aiki, dokokin kamfani, halin shugaba, in suka lalace mutum na jin haushi, in an gyara su haushin ya tafi amma ba shi ke sa ya so aikin ba. Abin da ke sa son aiki shi ne cin nasara, yabo, a danƙa maka nauyi, da ci gaba. Mutane da yawa suna ɗaukar rabin maganar su bar rabi, su ce to ai yabo ya fi kuɗɗi, wanda ba haka ya ce ba. Malamin lakwal ɗan kwantaragi, wato malamin makaranta mai aikin kwangila, da ke bin bashin wata biyu in ka miƙa mishi takardar yabo a gaban ɗalibai, wallahi ba godiya za ka samu ba.

A ma'aikatu

A Nijar akwai takardar shaidar yabo da gwamna ko minista kan ba ma'aikaci, akwai lambobin girma na ƙasa da akan rataya ma mutane lokacin bukukuwa kamar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai, da 18 ga Disamba, ranar jamhuriya, ranar 1 ga Mayu kuma ƴan sandika, wato ƙungiyoyin ma'aikata, ke fitowa su miƙa koke-kokensu. Dokar aiki ta 2012 ita ke tsara hakki, mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 na sefa a wata daga Janairun 2024, amma ba dokar da za ta tilasta ma shef ya ce sannu da ƙoƙari. Kamfanoni da ƙungiyoyin agaji sun shigo da salon gwarzon wata, a manna hoto a bango ko a sa shi cikin gurup na WhatsApp.

Inda ake kuskure

Yabon da aka yi ma kowa iri ɗaya ba ya aiki, gara a ce wane kai ne ka gano kuskuren lissafin nan ranar Talata. Wanda aka jinkirta har ranar ritaya shi ma ya makara. Mafi muni shi ne son kai, in kullum ɗan ƙanen mai gida ko mai kai gulma ne gwarzo, sauran sai su janye jiki, su ce to ya yi aikin shi kaɗai. Masu gadi, masu shara da direbobi su aka fi mantawa.

Akwai misalin Alexei Stakhanov a Tarayyar Sobiyet, wanda a Agustan 1935 aka ce ya haƙo tan 102 na gawayin ƙasa cikin zubin aiki ɗaya, ninki 14 na abin da aka ƙayyade. An mai da shi gwarzon ƙasa, alhali akwai mataimaka a bayanshi, sannan aka yi amfani da sunanshi aka ƙara ma sauran ma'aikata nauyi, har wasu suka tsani masu irin wannan lamba.

Nan gida kuma akwai kunya da tsoron baki. Wata ma'aikaciya in ka tsayar da ita gaban taro kana zuba yabo ka takura ta ne, ta fi son a kira ta gefe a ce Hajiya mun gani Allah ya saka, ko a faɗa a bayan idonta maganar ta iske ta. Dattijo kuma ba a yaba mishi kamar yaro, shawara ake nema wurinshi a gaban mutane.