Shirun wanda ake tuhuma a shari'ar laifuka ta Ingila

A Ingila da Wales, doka ta ba kotu damar ɗaukar shirun wanda ake tuhuma a lokacin tambayoyin 'yan sanda a matsayin abin da ke ƙara wa hujjar masu gabatar da ƙara nauyi. Tushen wannan dama shi ne sashe na 34 zuwa na 37 na dokar shari'ar laifuka da zaman lafiyar jama'a ta 1994, wadda ta bi sawun wata doka makamanciyarta da aka kafa wa Ireland ta Arewa a 1988, a zamanin rikicin IRA, ƙungiyar 'yan bindiga mai yaƙi da mulkin Birtaniya a yankin.

Sashe na 34 ya fi yawan zuwa gaban kotu. Idan mutum ya kame bakinsa a ofishin 'yan sanda, sannan ranar shari'a ya zo da bayanin da hankali ke cewa tun farko ya kamata ya faɗa, misali cewa yana gidan surukinsa a daren da aka yi fashin, masu taya alƙali yanke hukunci na iya ɗauka cewa daga baya ya ƙago labarin. Shi ya sa ɗan sanda ke gargaɗin wanda ya kama cewa ba dole ba ne ya ce uffan, amma ɓoye abin da zai dogara da shi a kotu na iya raunana kariyarsa.

Damar tana da iyaka. Ba a kama mutum da laifi bisa shiru kaɗai, kuma bayan hukuncin Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam a shari'ar John Murray a 1996, mutumin da aka hana ganin lauya tsawon awa 48 a Belfast, an gyara dokar a 1999 yadda shirun wanda ba a bari ya ga lauya ba ba zai zama hujja a kansa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne idan lauya ne da kansa ya ce a yi shiru. A shari'ar Condron, lauyan wasu mata da miji masu shan hodar heroin ya ga ba sa cikin hayyacinsu, ya hana su amsa tambayoyi, alhali likitan 'yan sanda ya ce lafiyarsu ta isa a tambaye su. A 2000 Kotun Turai ta ce an tauye musu haƙƙi, domin alƙali bai ja kunnen masu taya shi ba cewa kafin su kafa hujja da shirun sai sun gamsu rashin abin faɗa ne ya sa ma'auratan suka yi shiru, ba shawarar lauya ba.

Amurka ta bi wata hanya dabam: tun hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar a shari'ar Doyle a 1976, ba a kafa hujja da shirun wanda aka karanta wa gargaɗin Miranda, wato sanarwar da ɗan sanda ke yi wa wanda ya kama cewa yana da 'yancin yin shiru.