Waiwaye: Yadda wanda ya riga ɗaukar yaro ya zama mai riƙonsa a Japan

Tun da majalisar dokokin Japan ta amince, a watan Mayun 2024, cewa iyayen da suka rabu za su iya ci gaba da riƙon ɗansu tare, muhawara ba ta lafa ba. Waɗanda suka yi shekaru ba su sa 'ya'yansu a ido ba suna cewa gyaran ya yi kaɗan. Matan da suka tsere wa duka kuma suna cewa an buɗe wa mai dukan ƙofa. Ko sunan abin ma ba su daidaita a kai ba. Wanda ya dawo daga aiki ya tarar da gida wayam yana kiransa tsuresari, wato an tafi masa da ɗa. Wadda ta fita tana cewa kozure bekkyo, ta bar gidan miji da ɗanta, kamar dai mu ce yaji da goyo.

Tarihin farko sananne ne. A dokar 1898 ɗa na gidan uba ne. Gyaran 1947 ya ba uwa da uba iko tare muddin da aure, amma da zarar an rabu sai ɗaya kaɗai. Kusan kashi tara cikin goma na saki a ƙasar ba ya zuwa gaban alƙali: takarda ce ake cikewa a kai ofishin gunduma, a cikinta a rubuta wanda zai riƙe kowane yaro. Da farko ubanni ke rinjaye. Daga tsakiyar shekarun 1960 uwaye suka karɓe, har yanzu sun haura kashi 80 cikin 100. Yarjejeniyar Hague ta 1980, wadda ta ce a mayar da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ƙasar da ya saba zama a can a yi shari'ar riƙonsa, sai a Afrilun 2014 ta fara aiki a Japan.

A nan yawancin masu ba da labarin ke tsallakawa zuwa rigimar diflomasiyya. Ni a ganina, inda lamarin ya karkata yana bakin wata makarantar renon yara ne a garin Hachinohe, can arewa.

Watan Nuwamban 2002 ne, da la'asar. Wata kaka ta zo ɗaukar jikanta ɗan shekara biyu. Tana shirin sa shi a mota sai uban yaron ya sure shi, ya ruga zuwa tasa motar, ya ja. Shi da matarsa sun raba gida amma igiyar aure tana nan, don haka a takarda ikonsa a kan yaron daidai yake da nata. A daren 'yan sanda suka same shi da yaron a wata hanyar daji. A watan Disamban 2005 kotun ƙoli ta tabbatar da cewa abin da ya yi satar ƙaramin yaro ce, ko da kuwa shi ya haife shi. Alƙali guda ya ƙi yarda, yana ganin rikici irin wannan na kotun iyali ne, bai kamata a yi saurin shigo da dokar laifuka ba.

Hukuncin a kan kansa ba shi da aibi. Wa zai so a riƙa fizgar ɗan shekara biyu a bakin titi? Abin da ya sa ya yi nauyi shi ne ƙasar da ya faɗo a kai. Kotunan Japan sun daɗe da riƙe ƙa'idar cewa kada a tumɓuke yaro daga inda ya saba, wadda ita ma hankali ne. To haɗa biyun da dokar mai riƙo ɗaya ka gani. Wanda ya fita da yaro daga gidan aure da wuya a ce ya yi laifi. Wanda ya je ƙwato shi, ga misalin Hachinohe a gabansa. In ya haƙura ya bi kotu, kowane wata da shari'a ta ci yana ƙara wa ɗaya ɓangaren hujjar cewa yaro ya saba. Ga shi a wancan lokacin babu rabawa: ɗaya ya ci duka, ɗaya ya tashi a tutar babu. Batun ziyara ma sai a gyaran 2011 aka rubuta shi ƙarara a cikin doka, kuma abin da aka saba bayarwa sa'o'i kaɗan ne sau ɗaya a wata. Ma'aurata suka gane karatun: ranar farko ita ce shari'ar.

Da wannan idon ya kamata a kalli abin da ya biyo baya. Ba'amurken da aka tsare a Fukuoka a 2009, bayan ya ɗauke 'ya'yansa biyu a hanyar makaranta ya nufi ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsu, labarin Hachinohe ya maimaita, sai dai nasa ya shiga talabijin. Haka ƙudurin majalisar Tarayyar Turai na Yulin 2020 kan yaran da uwa ko uba ke tafiya da su a Japan, da Bafaranshen da ya yi kusan mako uku yana yajin cin abinci don neman ganin 'ya'yansa, kusa da filin wasannin Olamfik a Tokyo a 2021. Yarjejeniyar Hague ba ta taɓa wannan kullin ba, domin ba ruwanta da yaron da aka ɗauke daga Osaka zuwa Sendai, kuma ba ta mayar da waɗanda aka tafi da su kafin 2014.

Kada kuma a manta, ga mata da yawa fita da yaro cikin dare ita ce kaɗai hanyar tsira, a ƙasar da sai a 2001 ta yi dokar kare mata daga dukan miji. Shi ya sa sabuwar dokar, wadda aka tsara ta fara aiki a 2026, ta wajabta wa kotu ta ba mutum ɗaya riƙo idan akwai fargabar cin zarafi, ta kuma bar wa uwa ko uba damar yanke shawara shi kaɗai a halin gaggawa. Me ake nufi da gaggawa, wa kuma zai tantance ta bayan an riga an ɗaure kaya an fita? A kan wannan kalmar ɓangarorin biyu ke ja yanzu.