Rajista Ko Sirri: Abin da Doka Ta Tanadar wa Kamfani Kan Mallakar Fasaha

A shekarar 2012 kamfanin Apple ya biya dala miliyan 60 kafin a sakar masa sunan iPad a ƙasar Sin. Ba wanda ya yi musun cewa shi ya ƙera na'urar. Wani kamfani ne mai suna Proview ya riga shi yin rajistar sunan da shekaru. Apple ya ɗauka magana ta ƙare tun 2009, lokacin da ya sayi sunan daga reshen Proview na Taiwan, sai kotu ta ce rajistar ƙasar Sin tana hannun wani reshen daban, na birnin Shenzhen. Abin da ya kama Apple shi ke kama ƙananan kamfanoni kullum. Haƙƙin mallakar fasaha iyakar ƙasa yake bi, kuma doka ba ta tambayar wa ya sha wahala, sunan da ke kan takarda take dubawa.

Manyan hanyoyin kariya huɗu ne. Rubutu, zane, kiɗa da manhajar kwamfuta suna samun haƙƙin mallaka da zarar an samar da su, ba sai an yi rajista ba, bisa Yarjejeniyar Berne ta 1886, kuma haƙƙin yana nan tsawon rayuwar mai shi da ƙarin aƙalla shekara 50. Alamar kasuwanci, wato suna da tambari, yawancin ƙasashe duk shekara 10 ake sabunta ta, iya yadda kake so. Takardar shaidar ƙirƙira shekara 20 ce daga ranar da aka shigar da buƙata. Sirrin kasuwanci kuwa ba rajista, ba wa'adi.

Tsakanin biyun ƙarshen nan ne mai kamfani zai zauna ya yi lissafi. Takardar ƙirƙira ciniki ce tsakaninka da hukuma: ka bayyana yadda abin yake aiki dalla-dalla, har wanda ya san fannin ya iya haɗa irinsa, ita kuma ta ba ka ikon hana kowa ƙera shi ko sayar da shi a ƙasar. Galibi bayan wata 18 ake wallafa bayanin, abokan gogayyarka su karanta a kyauta. Wa'adi na cika, ya zama na kowa. Haɗin Coca-Cola, wanda aka riƙe a matsayin sirri, tun 1886 yake, kuma da an nema masa takarda da tuni ya zama na kowa tun farkon ƙarni na 20. Sai dai sirri ma yana da nasa rauni. Wanda ya sayi kayanka ya kwance su ya gano yadda aka yi, ko ya gano da kansa a ɗakin bincikensa, a mafi yawan lokuta bai yi laifi ba. Don haka tambayar mai sauƙi ce: idan abokin gogayya ya sa sukudireba ya buɗe na'urarka, zai gane dabarar? In zai gane, nemi takarda. In dabarar a cikin masana'anta take, inda ido ba ya kaiwa, sirri ya fi. Amma fa kotu ba za ta kira abu sirri ba sai ta ga matakan da ka ɗauka na ɓoye shi: yarjejeniyar riƙe sirri da ma'aikata suka sa wa hannu, da taƙaita masu iya buɗe fayil ɗin.

Inda aka fi yin asara, a ganina, shi ne wajen ɗoki. Mutum ya ƙirƙiro abu, ya kai shi baje koli ko ya ɗora bidiyonsa a YouTube, sannan ya tafi neman takarda. A Turai shi ke nan, ya kashe kansa da kansa, domin abin da duniya ta riga ta gani ba sabo ba ne, ko da mai shi ne ya nuna. Amurka tana ɗaga ƙafa na shekara ɗaya, amma wannan sassauci ba ya tsallake iyakarta. A shigar da buƙata tukuna, sannan a yi talla.

Babu wata takardar ƙirƙira guda da ta game duniya. Abin da yarjejeniyoyi ke ba ka shi ne lokaci. Ƙarƙashin Yarjejeniyar Paris ta 1883, in ka shigar a ƙasa ɗaya kana da wata 12 ka shigar a sauran a lissafa maka da ranar farko, alamar kasuwanci kuma wata 6. Tsarin PCT, wato shigar da buƙata guda don ƙasashe da yawa, na hukumar kare mallakar fasaha ta duniya (WIPO) da ke Geneva, yana kai wa'adin wata 30 a yawancin ƙasashe, wanda ya isa ka ga inda kayanka ke karɓuwa kafin ka fara zuba kuɗin lauyoyi da fassara. Kada kuma a manta da ƙasar da ake ƙera maka kayan, ko da ba ka sayar da komai a can.

Sai maganar wa ya mallaka. Ka biya wani mai zane ya yi maka tambari, ko injiniyan da ba ma'aikacinka ba ya rubuta maka manhaja. A ƙasashe da yawa haƙƙin yana hannunsa har sai ya miƙa maka a rubuce. Rasit ɗin biya bai wadatar ba. Masu zuba jari nan suke fara dubawa, kuma ranar da tsohon injiniyan ya gane sa hannunsa kaɗai ake jira, farashinsa ya canja.

Takardun da kansu kaya ne na sayarwa da bayarwa haya. Kamfanin Arm ba ya dogara da ƙera ƙwaƙwalwar na'ura, zanenta yake ba wasu lasisi su ƙera su biya shi. Bayan Nortel, kamfanin kayan sadarwa na Kanada, ya durƙushe, an sayar da takardunsa na ƙirƙira kusan 6,000 kan dala biliyan 4.5 a 2011. Sai dai kowace takarda tana cin kuɗin sabuntawa, wadda ba ta kare kayan da kake sayarwa kuma ba mai neman lasisinta, gara a sake ta. Alama ma tana buƙatar kulawa. A Tarayyar Turai, wadda ta shekara 5 ba a yi amfani da ita ba, kowa na iya neman a soke ta. Farin jinin da ya wuce kima ma yana kashe alama: a 1921 wata kotun Amurka ta yanke cewa ga masu saye aspirin ya zama sunan maganin kawai, kowane kamfani na iya sayar musu da shi da wannan suna.