Abin da mai sana'a zai koya daga wasannin bidiyo kafin ya buɗe shafi a intanet

Me ya haɗa gem ɗin yara da kasuwanci?

Damuwarsu ɗaya ce. Mai ƙirƙirar wasa da mai sayar da atamfa a Instagram duk suna neman baƙon da bai san su ba ya tsaya, alhali yatsa ɗaya ya ishe shi ya wuce. Kamfanonin wasanni sun fi shekara 40 suna fama da wannan, suna ci suna faɗuwa a idon duniya, don haka akwai abin ɗauka a wajensu.

Wane darasi ne ya fi girma?

Minti na farko. A duba Super Mario Bros. da Nintendo ya fitar a 1985, aikin Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa. Da an kunna, Mario na tsaye a hagun allo yana fuskantar dama, gabansa fili fetal. Ba wanda ya ce maka ka nufi dama, amma can za ka nufa. Wata 'yar halitta ta taho. Ka tsaya ta taɓa ka, ka mutu, ka dawo farko ka gane tsalle ake yi. Ka buga akwati mai alamar tambaya, naman kaza ya fito, ya bugi bututu ya dawo kanka, ka ƙara girma. Cikin daƙiƙu kaɗan ka koyi wasan ba tare da karanta layi ɗaya ba.

To yanzu leƙa shafin mai takalma a Facebook. Hoto ga shi nan fes, amma babu farashi, babu lamba, babu garin da shagon yake. Mutane na ta tambaya "nawa ne?", shi kuma amsarsa ɗaya ce: "duba inbox". A ganina wannan ɗabi'a ta kori masu saye fiye da tsadar kaya, domin mai kunya ko mai sauri ba zai tambaya ba, tafiyarsa kawai zai yi. A rubuta kuɗin, a faɗi yadda ake biya, a faɗi ko ana sa kaya a mota zuwa wani gari da wanda zai biya kuɗin motar.

Sai na shirya komai tsaf kafin in fara?

A'a. Markus Persson, ɗan Suwidin, ya saki Minecraft a 2009 tun bai kammalu ba, yana sauraron 'yan wasa yana gyara. Cikakken wasan bai fito ba sai 2011, kuma a 2014 Microsoft ya sayi kamfaninsa, Mojang, a kan dala biliyan 2.5. Sirrin shi ne Persson bai ɓoye wa kowa cewa aikin ɗanye ne ba.

Kishiyarsa Cyberpunk 2077 ne. An shafe shekaru ana zuzuta shi, da ya fito a Disamba 2020 sai ga shi cike da matsaloli a kan na'urar wasa ta PlayStation 4, har Sony, mai na'urar, ya cire shi daga kantinsa, ya mayar wa mutane kuɗinsu. Bai koma ba sai Yuni 2021. Mai leshi da ke gyara hoto har kalar ta sauya, wannan ramin yake haƙa wa kansa: ranar da kaya suka isa hannun amarya, ranar za a san shi.

Ina ribar bayar da abu kyauta?

Wasan Fortnite kyauta ake shiga, kuɗin yana fitowa ne daga sutura da rawa da ake saya wa jarumi. Telan da ya ɗauki bidiyon minti ɗaya yana nuna yadda ake bambanta shadda mai kyau da ta bogi bai yi asarar komai ba, kuma wanda ya amfana shi zai tuna da shi gab da Sallah.

Akwai abin da bai kamata a kwaikwaya ba?

Akwai, kuma ba kaɗan ba. A 2018 Beljiyam ta ɗauki akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a wasu wasanni ba tare da sanin abin da ke ciki ba a matsayin caca. A Disamba 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite ɗin nan da muka yaba, ya amince ya biya dala miliyan 520 a sulhunsa da hukumar kasuwanci ta Amurka. Miliyan 245 a ciki don mayar wa mutanen da tsarin maɓallan wasan ya sa suka sayi abin da ba su yi niyya ba. Ƙanin wannan a kasuwarmu shi ne "saura biyu kacal", alhali dila guda na ajiye a sito.

Yawan mabiya shi ne ma'aunin nasara?

Masu wasanni ba sa tsayawa kan adadin waɗanda suka sauke wasa, sun fi damuwa da wa ya dawo washegari, wa ya dawo bayan mako, wa ya kai wata. Kai ma buɗe WhatsApp ɗinka ka ƙirga mutum nawa suka saya sau biyu, sannan ka nemi waɗanda suka saya sau ɗaya suka yi shiru, ka tambaye su ko kayan sun yi musu.