Kafin a Danƙa Tsoho Mai Gigin Tsufa a Hannun Wasu

Yawancin iyalan da ke kawo mana maganar tsohonsu ba sa zuwa sai abin ya kai maƙura. Sai Baba ya fita sallar asuba, an tsince shi da azahar a wata unguwa bai san hanyar gida ba, ko Hajiya ta ɗora tukunya ta manta har wuta ta kama labule. Daga nan a kira taron 'ya'ya, wannan yana Abuja, wancan yana Fatakwal, wata tana aure a Ingila. Wa zai ɗauke ta? A ɗauko mai jinya? Ko a nemi gidan kula da tsofaffi? Wannan ta ƙarshen ƙasa-ƙasa ake faɗarta, don kowa na gudun a ce ya yar da uwarsa.

Kafin a yanke komai, a kai ta wurin likita. Abin da muke kira gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho take kamawa ba, kuma ba maita ba ce, ba aljanu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ita a duniya sun haura miliyan 55, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce. Hawan jinin da aka bari da shanyewar ɓarin jiki su ma suna kawo ta. Amma fa ruɗewar da ta sauko cikin kwana biyu ko uku dabam take. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko suga ya faɗi, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, ko wani magani da aka fara ba ta, kuma irin wannan tana warkewa idan an gano dalilin. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri duk suna da likitocin wannan fanni.

Ni a ganina, muddin da hali, ɗakinta ya fi mata ko'ina. Ƙafarta ta san hanyar bayi ko da kanta ya manta, kunnenta ya san muryar ladanin unguwa. Sai dai “muddin da hali” ba ƙaramar magana ba ce. A gidaje da yawa mace ɗaya ce ke ɗauke da komai, galibi matar ɗa ko 'yar auta: wanka, wankin shimfiɗa, ba da abinci a baki, ga rashin barci don tsohuwa na tashi ƙarfe biyu na dare tana neman ƙofa. Idan wannan matar ta gaji ta fara tsawa, ko ta fara kulle ɗaki don ta samu ta runtsa, to neman taimako daga waje ba butulci ba ne. Yana cikin kyautata wa iyaye.

To, idan an samu gidan kula, kada a tsaya ga hotunan da aka turo a WhatsApp. A je da ƙafa, sau biyu, na biyun ba tare da sanarwa ba, kuma da la'asar sakaliya zuwa magariba, domin lokacin ne masu wannan cuta suka fi rikicewa, a nan ake gane haƙurin ma'aikata. Hanci zai fara ba ku labari tun daga ƙofa. Zarnin da ya kama katifa ba na yau ba ne.

Sannan a dubi tsofaffin da ke wurin, ba ginin ba. Idan da hantsi kowa na langaɓe a kujera, baki buɗe, a tambayi wane magani ake ba su, don akwai masu ɗirka wa tsoho maganin barci su samu hutu, alhali yana ƙara ruɗewa, yana jawo faɗuwa da karayar ƙugu. A dubi wuyan hannu da idon sawu ko akwai shatin ɗauri. Mun ga inda wannan hanya take kaiwa: a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, kuma da yawansu danginsu ne suka kai su da niyyar gyara. Duk inda ake ɗaure mutum da sunan kula, a juya.

Akwai tambayar da nake so kowa ya yi wa mai jinya, ta gidan kula ce ko wadda za a ɗauko ta zauna da ku: “Idan Hajiya ta ɗauki mayafi ta ce za ta tafi wurin innarta, wadda ta rasu tun shekaru arba'in, me za ki ce mata?” Wadda ta ce za ta tuna mata cewa innar ta rasu ba ta san aikin ba, don kullum sai ta sabunta mata makoki. Wadda ta sani za ta ce, “Inna, zauna ki sha kunu tukuna, ba ni labarinta.” A kuma tambayi mutum nawa ke kwana a bakin aiki, da ko ana juya wanda ba ya iya tashi duk bayan awa biyu, saboda gyambon kwanciya a dunduniya da ƙugu yake farawa, kuma yana kisa.

Harshe ma abin dubawa ne, musamman ga masu zaune a Legas ko ƙasashen waje. Mai wannan cuta yakan zubar da yaren da ya koya da girma ya koma na goyo. Malamin makarantar da ya yi shekara talatin yana koyarwa da Turanci sai ka ji ba ya jin komai sai Hausa ko Fulatanci. Idan ba mai fahimtarsa, za a rubuta cewa yana da gardama, alhali buta yake nema. A tambaya ko mace ce za ta yi wa mace wanka, ko za a taimaka masa da alwala, ko zai samu tuwon da ya saba.

Batun kuɗi a yi shi a rubuce: me ke cikin kuɗin wata, wa ke sayen magani da famfas, wa zai kai ta asibiti da tsakar dare, kuma wane asibiti. A nemi ganin takardar rajistar wurin da lasisin nas ɗinsu. A Ingila hukumar CQC mai sa ido kan wuraren kula da lafiya tana wallafa rahoton binciken gidajen kula a intanet, ana iya karantawa kafin a je. Katin banki da takardun fili kuwa su zauna a hannun wanda dangi suka amince da shi.

Bayan an kai ta, a raba ranakun ziyara tsakanin 'ya'ya da jikoki, kada ranakun su zama sanannu ga ma'aikata. Wanda ya je ya ɗaga zane ya duba baya da dunduniya, ya lura ko zobe ya fara yi mata yawa, ya zauna har a kawo abinci ya ga yadda ake ba ta. Idan ya ga tabo ko rama, ya kira sauran 'yan'uwa a ranar, a kai ta likita ya duba.