Zuwa Niyu Zilan yawon buɗe ido: tambayoyi da amsoshi

Wai ina ƙasar take, ta ina ake bi?

Nisa kam akwai shi, tana can kudu maso gabashin Ostireliya cikin tekun Pasifik. Manyan tsibirai biyu ne, na arewa da na kudu, Wellington ce babban birni amma Auckland ta fi jama'a kuma can yawancin jirage ke sauka. Daga Najeriya babu jirgi kai tsaye, yawanci ta Doha ko Dubai ake bi, daga Doha kaɗai kusan awa 16 ne a sama. Biza kuma tun daga gida ake nema.

Wane lokaci ya fi?

Disamba zuwa Fabrairu, lokacin muna fama da hunturu su kuma zafinsu kenan.

Me ake zuwa gani?

A kudu akwai Milford Sound, ruwa ne ya ratsa tsakanin duwatsu masu tsayin gaske, sai dutsen Aoraki mai mita 3,724. Amma ni Rotorua zan ce ka fara zuwa, ƙasa na fidda tururi, taɓo na tafarfasa da kansa, garin duk warin ƙwai da ya lalace saboda farar wuta, kuma can za ka ga al'adar Maori ido da ido.

Su Maori fa ya ake mu'amala da su?

Su ne 'yan asalin ƙasar, su suka sa hannu a yarjejeniyar Waitangi da Turawan Ingila a 1840, harshensu ma na gwamnati ne tun 1987. In an kai ka marae, wato dandalin taronsu, don Allah kar ka kutsa kai haka kawai, ka tsaya bakin ƙofa sai mace ta rangaɗa kiran maraba sannan a shiga a hankali, takalmi a cire kafin shiga ɗakin taron. Gaisuwarsu hongi, hanci da hanci ake haɗawa. Rawarsu mai suna haka da kake gani 'yan wasan ragbi na yi ba ta yaƙi kaɗai ba ce, har wajen jana'iza da karrama baƙo ana yinta.

Musulmi zai samu abin ci?

Sosai, naman rago na halal ma har waje suke fitarwa, masallatai kuma akwai a manyan birane. Sai dai hangi, abincin da suke turarawa a rami kan duwatsu masu zafi, sau da yawa da naman alade a ciki, ka tambaya tukuna.

Zan iya tafiya da kilishi?

Kar ma ka fara. Nama, zuma, 'ya'yan itace, duk sai ka bayyana su a filin jirgi, ko lemu ɗaya ka manta a jaka tarar ba ta gaza dala 400 na kuɗinsu ba.