Kuɗin shara gwargwadon yawanta: gaskiyar tsarin da gishirin da ake ƙara masa

Da zarar an ta da maganar biyan kuɗin shara gwargwadon abin da gida ya zubar, sai majalisa ta kaure, daga Tudun Wada har Samaru a Zariya. Wai ma'aikata za su riƙa yawo da sikeli ƙofa-ƙofa, wai wanda ya kasa biya sai gidan yari. Jama'a, a bi a hankali. Inda tsarin ya zama doka ba haka yake tafiya ba.

Koriya ta Kudu ta fara shi a faɗin ƙasar a 1995. Hukuma ce ke fitar da leda ta musamman mai tambari, ka saya a kanti, kuma kuɗin ledar shi ne kuɗin kwashe sharar. Ka cika biyu, ka biya na biyu. Gwangwani, kwalba, takarda da roba, in ka ware su, kyauta ake ɗauka. Awo da na'ura sai a kan ragowar abinci, shi ma a wasu manyan gidajen bene. Dokar ta shafi gidaje da ƙananan shaguna, masu ƙaramin ƙarfi kuma ana ba su leda kyauta.

Hukuncin ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Yawan shara ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka zuba ta a ledar da ba ta hukuma ba, ko ka faki ido ka jefar a lungu. Nan ne ake cin tara, wadda kan kai won miliyan 1 na kuɗin Koriya, kuma tara ce ta kuɗi, ba ɗauri ba. Ta yaya ake gane mai ita? Ma'aikaci ya sa safar hannu ya farke ledar, ya nemi rasit ko ambulan mai adireshi. A Zariya, inda gidan haya ɗaya kan tara iyalai da yawa a kan bola guda, wa za a kama? Irin wannan ruɗani na cikin abin da ya sa Hong Kong ta jingine nata shirin a 2024, bayan ta yi dokar tun 2021.

Mu ma fa da ma gwargwadon yawa muke biya. Yaron da ke tura baro ba ya karɓar kuɗin bokiti ɗaya daidai da na buhu. Kwashe shara kuwa, kundin tsarin mulkin 1999 ƙaramar hukuma ya ɗora wa.

Inda nake da ja shi ne irin shararmu. Matar da ta share tsakar gida da safe, rabin abin da ta tara ƙasa ce da tokar murhu, ga kashin awaki, abin da manoma ke bi da amalanke su kwashe a matsayin taki. A cika leda da wannan a ce ta biya, alhali mai gidan da ke zubar da robobin lemo an kwashe masa kyauta? Koriyawa sun lura da haka, suka cire tokar gawayinsu daga lissafi. In ba a cire tamu ba, kuma motar shara ba ta shiga lungunan cikin ganuwa, mutane za su jira hadari ya haɗu ne su juye komai a lambatu, ruwa ya kai kogin Kubanni.